Yadda Injiniya Hudadad Ya Gyara Ɗakin Ɗumi

Wata goma sha huɗu Hudadad ya yi a Iran yana kwaɓa siminti yana miƙa wa magina, amma da ya dawo ƙauyen Siyabed sai ya dawo a matsayin Injiniya. Ya zo da hular kwano ruwan ɗorawa, da igiyar awo mai naɗe kanta, da wata rigar aiki ruwan lemo mai ƙyalli. Shekara tara ke nan da dawowarsa, har yau ba a yi zancen da bai kai shi Iran ba. In ka ce tunkiyarka ta haifi biyu, a Iran huɗu suke haifa. Rigar ce dai ta ɓace tun da ƙanƙarar bara ta narke, kuma babu gidan da bai yi wa kallon ɓarayi a kanta ba.

Matarsa Nikbaht ta daɗe da koyon yi masa shiru. Ta san abin da gidan ke taƙama da shi ba Injiniya ba ne, ɗakin ɗumi ne. Marigayi mahaifin Hudadad ya gina shi shekara arba'in da suka wuce. Tanderu na madafa, hayaƙinsa ya shiga wani rami a gindi, ya ratsa ƙarƙashin daɓen ɗakin ta hanyoyi biyar da aka rufe da falalen duwatsu, ya fita ta bututu a kan soro. In ta gasa gurasar safe, daɓen zai riƙe ɗumi har wata safiyar.

A wannan ɗaki Inna Gulandam, mahaifiyar Hudadad, take cin sanyi kowace shekara. Lokacin zafi tana wajen 'yarta a gangare, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya ta dawo ta shimfiɗa gwiwoyinta masu ciwo a daɓen mijinta. Nikbaht na ƙirga kwanakin dawowarta. Su biyu suke zama, tsohuwa na kaɗin ulu tana jan carbi, ita tana ɗinki. Ban da haka, duk faɗin kwarin nan Inna ce kaɗai za ta ce wa Hudadad ya yi shiru ya yi. Wata huɗu ƙanƙara ta kulle ki da Injiniya, babu Inna, ai ko tunaninsa sai da istigfari.

Ranar Litinin Nikbaht ta hau soro ta ɗauke dutsen da ake rufe bakin bututu da shi, ta sauko ta buɗe ramin gindin tanderu, ta yi bismillah ta hura wuta. Hayaƙin ya leƙa ramin, ya yi kamar zai shiga, sai ya juyo ya rufe mata fuska. Ta fito tsakar gida tana tari, daidai lokacin da Sahidad, ƙanen mijinta, ya yi sallama.

"Yaya, saƙon Inna ne," ya ce wa Hudadad, yana kallon hayaƙin yana danne murmushi. "Ranar Juma'a zan je in ɗauko ta. Ta ce za ta dafa daɓen da hannunta. In ta ji sanyi, in wuce da ita gidana. Na ma sa an wanke mata bargo, ko da za a yi."

"Ba za a yi ba," in ji Hudadad. "Uwa ta bar gidan babban ɗa ta ci sanyi a gidan ƙarami? Ina raye?"

Ya kifa hular kwano, ya ɗauki doguwar sanda ya hau soro. Nikbaht na jin sa yana zura ta a bututun yana dannawa, yana ƙara dannawa da dukan ƙarfinsa, har da nishi. Ya leƙo.

"Na taɓa shi! Dutse ne ya rufta. Ginin nan ya mutu, sai dai addu'a."

"Baban Marziya," ta ce, tana kiran sa da sunan 'yarsu, "ranar da Inna za ta tafi na ga ta tsayar da kai a bakin ƙofa tana nuna maka soro. Me ta ce maka?"

"Albarka ta sa min mana. Ina tsakiyar koya wa direba ɗaurin kaya a lokacin."

Da yamma ta lallaɓa ta sa aka kira Usta Caman, tsohon maginin da ya ɗauki laka a kansa ranar da aka gina ɗakin. Ya shigo ya cire takalmi, ya durƙusa yana ƙwanƙwasa daɓen da gindin sandarsa, kunnensa a ƙasa kamar mai sauraron gulma.

"Lafiyarsa lau," ya ce. "Numfashi ne ya ɗauke masa. A ɗaga dutse biyu a share kunkunniya, a duba bututu, a mayar da yaɓe. Yini ɗaya da rabi."

"Kawu Caman, kana ji da kunne, ni ina aunawa da kimiyya. A Iran abu in ya kai shekara ashirin rushe shi ake yi."

"To Allah ya rufa mana asiri da ba a can aka haife ka ba."

"Sabo zan saka. Murhun ƙarfe, na zamani. Ka zo ranar Juma'a ka ga aiki, in ba ka tsoron ido ya yi maka ciwo."

Usta Caman ya kurɓi shayinsa ya dubi sama ta taga. "Ranar Juma'a dai ina jin ƙanshin dusar fari, ƙanƙarar farko ta shekara. Ka yi hattara da barfi."

Barfi ai kowa ya san ta. Ranar da dusar fari ta sauka, mutum ya ƙunsa 'yar ƙanƙara a tsumma, ya faki ido ya ajiye a gidan abokinsa. In ya tsere, mai gidan zai yi walima. In aka kama shi, a shafe masa fuska da baƙin tukunya, shi zai ciyar da jama'a.

"Ni?" Hudadad ya buga ƙirji. "Tun da nake, baƙi bai taɓa hawa fuskar nan ba. Kai dai ka fara kiwata ragonka."

Talata ya mirgino wani tsohon duro daga bayan shagon mai gyaran babur. Ya auna shi ta tsaye, ya auna ta kwance, ya rubuta a tafin hannu, gumi ya goge, ya sake aunawa. Ya yanka masa ƙofa, ya huda masa kai, ya haɗa bututun langalanga ya fitar ta taga. Tagar kuwa tun kaka Nikbaht ta rufe ta da leda ninki biyu saboda iska.

"Duron nan me aka zuba a cikinsa da?" ta tambaya.

"Ƙarfe ba ya tuna abin da ya ci."

Ashe yana tunawa. Kwalta ce. Da wuta ta kama, minti biyar na farko ɗakin ya yi ɗumi har Hudadad ya cire rigar sama ya ce ta kira maƙwabta. Kafin ta kai ƙofa duron ya fara gumi baƙi, wani wari ya tashi wanda ya kori kaji daga tsakar gida. Bututun ya yi ja, ledar taga ta nannaɗe ta zube kamar kitse. Iska ta samu hanya ta shigo, ta tura wutar ta ƙofar duron, daidai lokacin da Injiniya ya sunkuya zai duba. Nikbaht ta kwara masa ruwan alwalarta, ta kwara sauran a duron.

Da hayaƙi ya lafa, shimfiɗar ulun Inna ta samu rami mai faɗin faranti, gemun Hudadad kuma na ɓangaren hagu ya tafi.

Ba sai an kira maƙwabta ba, sun riga sun jeru a kan katanga.

"Injiniya, sabon aski ne na Iran?" wani ya tambaya.

"Gwaji ne! Duk babban aiki da gwaji ake fara shi."

"To in za ka gwada na dama ka sanar da mu, mu zo da wuri."

Laraba ya tashi da sabon ra'ayi. Ya ce ya yi nazari, ƙasar nan ba ta kai ga murhun ƙarfe ba tukuna, gyara za a yi, amma ba irin gyaran tsofaffi ba. Ya kamo kyanwar gidan, wata ƙatuwar farar mage mai son jiki, ya ɗaura mata siririyar igiya a ƙugu.

"Za ta shiga ta ramin tanderu ta fito ta gindin bututu. In igiya ta ratsa, sai mu ɗaura tsumma mu ja. Lissafi ne."

"Ita ka gaya mata lissafin?"

Ya tura ta. Igiya ta yi ta shiga, kamu biyu, kamu uku, sai ta tsaya. Ya ja, ta ƙi. Ya kira, shiru. Can sai suka ji "miyau" daga ƙarƙashin daɓen, wajen bango. Hudadad ya ɗauko diga ya fasa yaɓen ya ɗaga dutse. Babu kyanwa, sai jelar igiya na wucewa. "Miyau" ta tsakiyar ɗaki. Ya ɗaga na biyu. Ta koma wajen ƙofa. Kafin la'asar ya ɗaga duwatsu shida, ɗakin ya zama kamar gonar da aka tone dankali, shi kuma yana kwance rub da ciki hannunsa a rami har kafaɗa yana lallashi.

"Fito, 'yar albarka. Fito, uwar gida. Fito, Allah ya haɗa ki da kare!"

Nikbaht ta idar da sallarta a nutse, ta zuba madara a ƙwarya ta ajiye a bakin ramin tanderu. Ko minti ba a yi ba kyanwar ta fito, baƙa ƙirin, tana jan igiyarta, ta zauna tana lasa.

"Kin ga?" in ji Hudadad. "Ta kwaso kunkunniya. Rabin aiki ke nan."

"Baban Marziya, don girman Allah, jibi ne fa. Ka bar Usta ya zo."

"Ya zo ya ce shi ya gyara? Bayan na gama mai wuyar?"

Alhamis ya mayar da duwatsun, ya shafa musu laka sama-sama da bayan cokali, ya ja shimfiɗu ya rufe. Sannan ya tafi ya aro fankar injin casar alkama, mai ƙaramin inji na fetur, wadda in ta tashi takan ɗaga ƙaiƙayi sama da bishiya. Ya kafa ta a madafa, ya haɗa bakinta da ramin tanderu da buhu da laka.

"Iska za ta shiga nan, ta tura duk abin da ya toshe ya fita ta sama. A Iran da haka ake share gidan bene goma."

"Mu yi yau mana, ba kowa?"

"Ba kowa? Wa zai shaida?"

Ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya taƙaita, ta kwashe garin alkama da kwanuka da bargunan Inna ta kai ɗakin ajiya ta ja ƙofa.

Ranar Juma'a gari ya waye shiru, sama ta yi fari fat. Da aka sauko daga masallaci Hudadad ya taho da dattawa bakwai a bayansa, duk cikin fararen kayan Juma'a, har da Usta Caman. Ya zaunar da su a ɗakin ɗumi a kan matasai, ya ce su dafa ƙasa su ji sanyinta, don su iya ba da labari daga baya. Mata kuwa sun cika sorayen maƙwabta, kowace ta fake da shanya.

Ya ja igiyar inji. Sau uku yana tari, a na huɗu ya kama da ruri. Nikbaht ta fita tsakar gida ta ɗaga kai. Bututun ko ƙura bai fitar ba. Hudadad ya ƙara wa injin wuta. Har yanzu shiru. Sai ta ji wani siririn fito daga cikin ɗakin, kamar butar shayi ta tafasa, sai na biyu, sai na uku. Iskar da ta rasa hanya ta sama ta samu lakar bayan cokali. Shimfiɗu suka kumbura suka ɗaga, kunkunniya ta fara feshi ta gefen duwatsu shida, ta ƙarƙashin dattawan gari.

"Innalillahi!"

"Ƙasa na numfashi!"

"Takalmina! Wa ya taka min rawani?"

Suka fito a guje suna karo a ƙofa, farare daga sama, baƙaƙe daga ƙugu zuwa ƙasa. Mata a kan soro har da masu zama don dariya.

"Ku kwantar da hankali!" Hudadad na ihu a kan rurin injin. "Alamar nasara ce! Saura ƙiris!"

Ya kama tsani ya haye soro. A daidai nan dusar fari ta fara saukowa, a hankali, ɗaya-ɗaya. A daidai nan kuma motar da ta ɗauko Inna Gulandam ta tsaya a ƙofar gida, Sahidad ya riƙo hannunta suka shigo. Tsohuwa ta dubi dattawa, ta dubi hayaniyar madafa, ta ɗaga kai ta ga ɗanta ya gyara hular kwano ya kifa fuskarsa a bakin bututu yana leƙe.

"Kai, Hudadad, ɗaga kanka daga..."

Ba ta ƙarasa ba. Bututun ya yi wata irin gyatsa da aka ji har masallaci. Wani dunƙule ya fito kamar harsashi ya tafi da hular kwano, kunkunniyar shekara arba'in ta biyo bayansa, tsaye, kamar bishiya. Injin ya yi tari ya mutu. Hular ta faɗa garken maƙwabta, dunƙulen kuma ya yi sama ya buɗe hannuwa biyu, ya sauko a hankali ya kwanta a tsakar gida a gaban Inna. Duk da baƙin da ya sha, ana ganin ruwan lemo, ana ganin ƙyalli.

A kan soro wani baƙin mutum ya miƙe, ba a ganin komai nasa sai idanu biyu da rabin gemu.

"Rigata," ya ce da ƙaramar murya.

"Rigarka," in ji Inna. "Bara gwarare suka yi min sheƙa a bututu. Da zan tafi na cusa ta a wuyansa, daidai inda hannu zai kai. Na tsayar da kai a ƙofar nan na ce, in sanyi ya zo ka sa hannu ka zaro. Ka ce to, Inna, to."

"Ashe ita na yi ta dannawa da sanda..." Ya kama bakinsa, amma kowa ya ji.

"Inna, duk tsumman gidan nan, sai rigar Iran?"

"Na duba ko'ina, ita kaɗai na ga ba ta aikin komai."

Usta Caman ya kakkaɓe wandonsa ya tako tsakiya, ya tara hannu dusa ta sauka a tafinsa, ya nuna wa jama'a.

"Jama'a, wannan mece ce?"

"Dusar fari!"

"Waccan fuskar fa, wane launi ce?"

"Baƙa!"

"To magana ta ƙare. Injiniya, yaushe za mu zo cin rago?"

"Ban yarda ba!" Hudadad ya yi tsalle har ya kusa zamewa. "Ban kai wa kowa barfi ba! Ba wanda ya kama ni! A faɗi wanda ya shafa min!"

"Ubanka ne ya shafa maka," in ji Inna. "Hayaƙinsa ne. Sauko."

Ya sauko.

Tsohuwa ta shiga ɗakin, Nikbaht na biye da ita. Ta dubi tagar da ba leda, ta dubi ramin shimfiɗarta, ta sunkuya da ƙyar ta dafa daɓen. Sanyi kamar dutsen rafi. Sahidad na bakin ƙofa, ya riga ya ɗauki ƙullin kayanta.

"Inna, bargon na nan a wanke," ya ce.

Inna ta ɗago ta dubi surukarta. Idanun Nikbaht suka ciko. Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya.

"Caman, kwana nawa?"

"Da yini ɗaya da rabi ne. Yanzu da Injiniya ya taimaka, uku."

"To kwana uku zan yi a gidan Sahidad. In na bar yarinyar nan wata huɗu ita kaɗai da labarin Iran, Allah zai tambaye ni." Ta juya ga babban ɗanta. "Kai kuma aikinka a gyaran nan ɗaya ne. Ka kwaɓa laka ka miƙa. Na ji an ce ka iya."

Haka aka yi. Kwana uku Hudadad na kwaɓa laka da ƙaiƙayi yana miƙa wa Usta Caman, duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya yi masa sannu da aiki, Injiniya. Ranar Litinin aka yanka rago. Tun da asuba Nikbaht ta yi bismillah ta hura tanderu, hayaƙi ya shiga raminsa salin-alin kamar bai taɓa yin gardama ba. Ta gasa gurasar mutum talatin, kafin azahar daɓen ya yi ɗumin da har kyanwa ta zo ta miƙe a tsakiya. Inna ta dafa, ta ce alhamdulillahi, ta zauna ta miƙe gwiwoyinta ta ciro mazarinta.

Ana cikin cin nama Nikbaht ta kawo shayi bakin ƙofa, ta ji muryar mijinta ta fara tashi.

"In kun lura, ai iskar ce ta buɗe shi. Lissafina bai kuskure ba, tsayuwata ce kawai ta zo daidai da bututun. Irin wannan a Iran..."

"Hudadad," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya yi shiru. Nikbaht ta ajiye butar shayi ta koma madafa, tana murmushi ita kaɗai.